Fatalwar da ke zaman haya: yadda Ghostbusters ya ci gaba da rayuwa a wuraren shaƙatawa

Ranar 7 ga watan Yuni na 1990 aka buɗe wurin shaƙatawa na Universal Studios Florida a birnin Orlando na Amurka, kuma ranar ba ta yi wa masu wurin daɗi ba. Manyan abubuwan da aka daɗe ana tallarsu, wato na kifi mai cin mutane na fim ɗin Jaws, da na ƙaton biri King Kong, da na girgizar ƙasa, sai tashi suke suna tsayawa, jama'a kuwa sun biya kuɗinsu suna tsaye a layi cikin rana. A cikin abubuwan da aka buɗe ran nan akwai wani babban zaure wanda babu lilo babu jirgi a cikinsa. Mutum ya shiga ya sami kujera ya zauna, a rage fitilu, sai ya ga fatalwowi sun fito gabansa suna shawagi a iska, ana hango bango ta cikin jikinsu. Can sai wasu mazaje cikin kayan aiki, kowa da na'ura goye a baya, su faɗo su fatattake su. Sunan wasan Ghostbusters Spooktacular.

Fim ɗin da aka gina wasan a kansa kuwa, wato Ghostbusters, ba na Universal ba ne. Mallakar Columbia Pictures ne, kamfanin da Sony na ƙasar Japan ya saye a 1989. Ke nan tun ranar farko haya fatalwowin suka kama a gidan wani, kuma fiye da shekara talatin bayan nan ba su daina zaman haya ba. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane dalilin da ya sa labarin nasu ya warwatsu daga Florida zuwa Dubai, daga Jamus zuwa Tailan, yau a buɗe nan, gobe a rufe can.

Ga wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba, labarin ba shi da wuya. Wasu malaman kimiyya uku ne aka kora daga jami'a a birnin New York. Suka jinginar da gidan gadon ɗayansu suka karɓi bashi, suka kama wani tsohon ofishin 'yan kwana-kwana, suka sayi tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya ƙirar Cadillac ta 1959, suka buɗe kamfanin kama fatalwa. Fatalwa a nan irin ta almarar Turawa ce, kurwar mamacin da ta ƙi tafiya ta tsaya tana damun masu rai. Da aiki ya yi yawa sai suka ɗauki na huɗu, wanda albashi kawai ya kawo shi. Ivan Reitman ne ya ba da umarni, Dan Aykroyd da Harold Ramis suka rubuta kuma suka fito a ciki tare da Bill Murray da Ernie Hudson. Ya fito a watan Yunin 1984, ya tara fiye da dala miliyan 200 a Amurka kaɗai.

Aykroyd ya taso a gidan da aka ɗauki maganar kurwa da gaske: kakan mahaifinsa a Kanada yana shirya zaman kiran ruhohi a gidansa, mahaifinsa ma ya rubuta littafi a kan tarihin fatalwa. Amma inda dariyar fim ɗin take shi ne an ɗauki abin da ke sa gashin jiki tashi an mayar da shi sana'a, kamar ta masu feshin kyankyaso da ɓera. A buga waya, su zo da jiniya, su farfasa rabin otal wajen kama fatalwa guda, sannan su miƙa wa manaja takardar kuɗin aiki yana zare ido. Suna gardama a kan kuɗi, suna gajiya, hukuma na bin su da maganar izini.

A ganina wannan ne sirrin daɗewarsa a wuraren shaƙatawa. Fim ɗin da ya dogara da jarumi ɗaya, in babu fuskar jarumin babu komai. Shi kuwa wannan, abin da ya bar wa duniya kayan sana'a ne: riga mai haɗe da wando da sunan mai ita a ƙirji, na'urar goyo mai tiyo, ɗan akwatin tarko da ake takawa ya buɗe, farar mota mai jiniya, da tambarin farar fatalwa cikin jan da'ira an ja mata layi. Duk wanda ya sa kayan ya zama ma'aikaci. Yaro ma in ya sami kwali da igiya ya goya, ya riƙe guntun tiyon ruwa, ya gama shiri. Wurin shaƙatawa kuwa abin da yake sayarwa ke nan, ya ce maka shigo, yau kai ne.

Sai dai a 1990 ba a kai ga ba kowa bindiga ba tukuna. Abin da ake da shi dabara ce tsohuwa, wadda ta girmi silima ma. A 1862 wani malamin kimiyya mai suna John Henry Pepper ya nuna ta ga jama'a a Landan, bisa tunanin wani injiniya, Henry Dircks, kuma har yau da sunan Pepper ake kiranta. Kowa ya taɓa ganinta ba tare da ya sani ba. Ka tsaya da dare gaban gilashin wani kanti wanda aka rage wa fitila a ciki, alhali kai fitilar titi na haska ka. Za ka ga kayan da ke cikin kantin, kuma ka ga kanka tsaye a tsakiyarsu, dishi-dishi, kwalaye na bayyana ta cikin ƙirjinka. In ka matsa daga hasken sai ka ɓace, in ka dawo ka sake bayyana. Shi ke nan dabarar. A zauren wasa sai a kafa ƙaton gilashi tsakanin 'yan kallo da dandamali, a goge shi tas yadda ido ba zai san yana nan ba. A wani ɓoyayyen wuri da aka shafe da baƙin fenti a ajiye mutum-mutumin fatalwa mai motsi. Muddin wurin na cikin duhu, ba a ganin komai. Da an kunna masa fitila sai hotonsa ya faɗa kan gilashin, ya zama kamar yana tsaye kusa da 'yan wasa. Disney ya yi amfani da ita a gidan fatalwowinsa na Disneyland tun 1969, inda ake ganin inuwoyi na rawa a zauren biki. Universal ya ɗauko ta ya faɗaɗa, ya gina saman benen nan da aka yi artabun ƙarshe na fim ɗin, har da kan ƙaton dodon alewa fari da ke leƙowa.

Abin da ke burge ni game da wannan shi ne dacewar dabarar da labarin. Fatalwar da aka yi da haske da gilashi tana da siffar da ido ke tsammani, ga ta nan amma ba ta taɓuwa. Kuma a gabanta akwai mutane masu rai da jini, waɗanda za su iya yin tuntuɓe, su yi tsokana, su jira dariya ta lafa kafin su ci gaba. Bayan 'yan shekaru ma sai aka sake fasalin wasan, aka sa wani ɗan wasa ya fito a matsayin Louis Tully, akawun nan mai rawar kai na cikin fim ɗin, yana tallata wa 'yan kallo yadda za su buɗe nasu reshen kamfanin kama fatalwa, yana kiran wasu daga cikinsu su hau dandamali a gwada kayan aiki da su. Duk wanda ya tsara wannan ya fahimci fim ɗin sarai, domin ya gane cewa dariyar a kasuwancin take.

A 1996 aka rufe shi. Kayan aro ba ya rufe katara. Fim na biyu ya fito tun 1989, zanen yara na talabijin da ya riƙe sunan ya ƙare a 1991, babu wani sabon fim a hanya. A shekarar ta 1996 kuma fim ɗin guguwa mai suna Twister ya cika gidajen silima, kuma Universal na da hannu a cikinsa. Fili a irin waɗannan wurare tsada gare shi kamar rumfa a bakin kasuwa, kowane gini sai ya biya kuɗin zamansa da yawan mutanen da yake ja. Aka kwashe fatalwowi aka zuba guguwa a 1998. Ita ma guguwar ta tashi a 2015, aka ba Jimmy Fallon wurin a 2017, mai gabatar da shirin dare a tashar NBC, wadda uwa ɗaya uba ɗaya suke da Universal. Wuri guda ya tashi daga hannun ɗan haya, ya bi ta hannun abokin tarayya, ya ƙare a hannun ɗan gida.

Daga nan aka yi dogon shiru. An yi ta maganar fim na uku shekara da shekaru, Bill Murray na ja da baya, har Harold Ramis ya rasu a 2014. Shekara guda bayan haka Sony ya kafa wani sashe na musamman, Ghost Corps, don kula da sunan, a 2016 kuma aka fito da sabon fim wanda mata huɗu suka ja ragamarsa. Fim ɗin ya sha ce-ce-ku-ce, kuma kuɗin da ya kawo bai kai yadda aka sa rai ba idan aka dubi abin da aka kashe. Amma a daidai wannan lokacin ne sunan ya bazu a wuraren wasa fiye da kowane lokaci a tarihinsa. Cikin shekara guda da 'yan watanni aka buɗe abubuwa uku a nahiyoyi uku: ɗaya a gidan mutum-mutumin Madame Tussauds da ke New York a tsakiyar 2016, ɗaya a Motiongate na Dubai a watan Disambar shekarar, ɗaya kuma a Heide Park da ke Soltau a arewacin Jamus a 2017. Na Dubai ɗin shi ne mafi kusa da mai karatu, domin iyalan da ke zuwa can sari ko hutu daga Kano ko Abuja ko Yamai suna iya wucewa ta gabansa a kan hanyar Abu Dhabi.

Kiɗa ya canza a tsakanin, rawa ma ta canza. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara yayin wani irin wasa: a zaunar da mutane a ƙaramar mota mai bin layin dogo cikin duhu, a ba kowa bindigar haske, yana harbin abin da ya bayyana, kwamfuta na ƙirga masa maki. Disney ya buɗe irinsa da Buzz Lightyear na fim ɗin Toy Story a 1998, Universal ya biyo da na fim ɗin Men in Black a 2000, wanda shi ma daga Columbia aka karɓo lasisinsa. Masu wuraren shaƙatawa na son irin wannan saboda dalilai masu ƙarfi. Kaka da jika duk za su iya hawa tare. A cikin gini yake, zafin Dubai ko ruwan saman Jamus ba su hana shi aiki. Wanda aka ci a maki zai so ya koma layi ya rama. Uwa uba, ba ya bukatar harshe. Balarabe da Ba'indiye da Bahaushe da Bajamushe za su zauna a mota ɗaya, babu wanda sai an yi wa fassara. Kuma da wuya a sami fim ɗin da ya zo da bindigarsa a shirye kamar Ghostbusters. Na Dubai da na Jamus duk wannan hanya suka bi.

A nan ne nake da ƙorafi, kuma ƙorafin mai ƙauna ne. Na farko, abin da ba ya bukatar fassara ba ya ɗauke da barkwanci. Dariyar fim ɗin 1984 a baki take, a yadda Murray ke magana hankali kwance alhali duniya na rushewa, a yadda Ramis ke bayanin bala'i da fuskar malamin lissafi. Motar da ke wucewa gaban allo cikin daƙiƙa ashirin ba ta da lokacin wannan. Abin da ya rage na ban dariya shi ne koriyar fatalwar nan mai haɗama da yauƙi, da ƙaton dodon alewa, domin su da ido ake gane su.

Na biyu ya fi wannan zurfi. A cikin fim ɗin na'urar goyon ba ta kisa. Hasken da take fitarwa kamar igiya yake, ana zarga wa fatalwa a riƙe ta tana fizge-fizge, kamar yadda ake kama bijimin da ya ƙwace, wannan ya ja nan wancan ya ja can, wani ya turo tarko ƙarƙashinta, a sauke ta a hankali a rufe. Mutum ɗaya ba ya iyawa. Har doka gare su cewa kada hasken wani ya haɗu da na wani, don haka kowa idonsa na kan ɗan'uwansa. Wasan maki kuwa ya juya wannan. Wanda ke kusa da kai abokin hamayya ne, burinka ka riga shi harbi. An riƙe siffar kayan aikin, an saki ma'anar aikin. Yaron da ya fito daga motar yana murna ya doke yayansa ya ji daɗi, ban musa ba, amma da za a cire tambarin a liƙa na wani fim ɗin, da wuya ya lura.

Wanda ya fi kusa da kama ruhin abin shi ne na New York, wanda wani kamfani mai suna The Void ya shirya. Tabarau ne ake sa wa mutum mai nuna masa wata duniya, yana tafiya da ƙafarsa cikin ɗakunan da aka gina daidai da abin da yake gani, in ya miƙa hannu ya taɓa bango na gaske. Fasahar lokacin ta tilasta wa kowa ya goya kwamfuta a baya, abin da a wani wasan zai zama cikas. A nan kuwa sai ya zama ado, domin nauyin da ke bayanka shi ne na'urar kama fatalwa. 'Yan kaɗan ake shiga tare, kuna ganin juna cikin kayan aiki, kuma a ƙarshe, bayan an gama da dodon alewa, sai a saki ƙamshin gasasshiyar alewa a ɗakin. Sai dai abin da ke ɗaukar mutum uku ko huɗu a lokaci guda ba zai yi gogayya da wanda ke kwashe ɗaruruwa a awa ba. Kamfanin ya durƙushe a 2020 lokacin annobar korona.

Na Tailan ba ya bukatar dogon bayani. A 2022 aka buɗe Columbia Pictures Aquaverse kusa da Pattaya, wurin wasan ruwa ne, da sashen Ghostbusters a ciki. Mutum ya hau roba ya sulalo cikin bututu. Suna da launi kawai suka rage.

Ana iya tambaya, me ya hana a gina wa wannan labari unguwa guda sukutum, kamar yadda aka yi wa Harry Potter, labarin yaro mai koyon sihiri? Ai shi ma ɗan haya ne: na Warner Bros ne, amma Universal ya gina masa gari a Orlando a 2010, kuma garin ya sauya lissafin harkar baki ɗaya. Amsar tana da rassa biyu. Ɗaya shi ne Sony ba shi da manyan filayen kansa irin na Disney ko Universal, don haka ba shi da dalilin zuba ɗaruruwan miliyoyi a ƙasa da siminti. Lasisi yake bayarwa, wani ya yi ginin ya ɗauki kasadar, shi ya karɓi rabonsa. Ɗayan kuma yana cikin labarin kansa. Harry Potter duniya ce ta daban, da fadarta da kasuwarta da abin shanta da sandunan da za a sayar wa yara. Duniyar Ghostbusters kuwa New York ce ta yau da kullum, da tasi da cunkoso da masu gidan haya. Duk armashin a nan yake, abin mamaki ya faɗo cikin rayuwar talaka. In ka gina wannan a wurin shaƙatawa, titi kawai ka gina. Saboda haka labarin ya fi dacewa da ɗaki guda, ko dare guda, fiye da unguwa.

Universal ma da alama haka ya gano. A 2019, shekara 35 da fitowar fim ɗin farko, Ghostbusters ya koma gidan da ya bari, amma a matsayin baƙon kaka. Kowace shekara daga wajen farkon Satumba zuwa farkon Nuwamba, Universal na shirya dararen tsoro na bikin Halloween a Orlando da Hollywood, inda ake gina gidaje na wucin gadi, mutane su bi ta cikin lunguna a ƙafa, 'yan wasa cikin shiga iri-iri na faɗo musu daga duhu. Yawancin gidajen jini ne da ihu. Na Ghostbusters ya zama wurin da ake firgita a yi dariya a numfashi ɗaya: ɗakin karatun da fatalwar tsohuwa ke hana surutu, barandar otal, saman bene. An sake yin wani a 2024 bisa sabon fim ɗin shekarar, kuma a wannan shekarar dodon alewa ya shiga jerin gwanon motocin ado da ke zagaya titunan wurin a Orlando. Hayar wata biyu ba ta da nauyin hayar shekara goma. In an gama a kwance katakai, kowa ya kama gabansa, in an so a sake ƙulla wata.

Ni dai a nan na fi ganin fim ɗin da na sani, fiye da cikin motocin harbi. Dalilin kuwa shi ne an dawo da mutum. Ɗan wasan da ke sanye da kayan aiki yana ganin fuskarka, ya san ka tsorata, yana iya jefa maka kalma ɗaya da za ta sa ka fashe da dariya. Da tsohuwar zuma ake magani: abin da ya yi aiki a zauren gilashi na 1990 shi ne ya sake yin aiki bayan kusan shekara talatin.

Ta fuskar Sony, duk waɗannan suna yin wani aiki da ba a gani a takardar cinikin tikiti. Finafinan 2021 da 2024, wanda Jason ɗan Ivan Reitman ya ba da umarnin na farkonsu, kowanne ya tara kimanin dala miliyan 200 a duniya. Kuɗi ne, amma ba irin na manyan finafinan zamanin nan ba. Abin da ke riƙe sunan tsakanin fim da fim shi ne yaron da aka haifa bayan 2010 ya ci karo da tambarin a Dubai ko Soltau, ya tambayi babansa mene ne wannan, baban ya ce bari mu koma gida in nuna maka. Ivan Reitman ya rasu a 2022, sauran jaruman duk sun haura saba'in. Rigar aikin ce za a ci gaba da sa wa wasu.

Akwai wuri ɗaya da ba a karɓar tikiti. Ginin da aka nuna a matsayin ofishinsu yana nan a titin North Moore, a unguwar Tribeca ta New York, kuma ofishin 'yan kwana-kwana ne na gaske mai suna Hook and Ladder 8. A 2011 hukumar birnin ta sa shi cikin jerin waɗanda za a rufe don tsimin kuɗi, jama'a suka tashi tsaye, har da ɗan wasa Steve Buscemi wanda shi ma tsohon ɗan kwana-kwana ne, aka fasa. Masu yawon buɗe ido na tsayawa a ƙofarsa kullum suna ɗaukar hoto kusa da tambarin da aka zana a daɓen bakin titi. In ƙararrawa ta kaɗa sai su dare gefe, ƙofa ta buɗe, jar mota ta fita kashe gobara.